Android a 2008: Abin da Ya Fusata Masu Haɗa Manhaja Tun Kafin Wayar Farko Ta Fito

A tsakiyar watan Yulin 2008, wani ma'aikacin Google ya aika saƙon imel, saƙon ya ɓata hanya. An rubuta shi ne domin waɗanda suka tsallake zagayen farko na gasar haɗa manhajojin Android, su hamsin kacal, amma sai ya faɗa hannun waɗanda ba da su ake ba. Maganar da ke ciki ba ta da tsawo: sabon zubin kayan aikin haɗa manhaja ya fito, yana nan a wurin saukewa na musamman da aka ware muku. Mutanen da suka karanta shi bisa kuskure sun shafe wata huɗu suna fama da tsohon zubi mai cike da tangarɗa, suna ta tambayar yaushe sabo zai zo, ana yi musu kunnen uwar shegu. A ranar suka gane cewa aikin bai tsaya ba. Su ne dai aka tsayar a bakin ƙofa.

Kafin mutum ya fahimci zafin wannan abu, sai ya tuna cewa a lokacin babu wayar Android ko guda a kasuwa. Tun a 2005 Google ya sayi ƙaramin kamfanin Android da Andy Rubin da abokansa suka kafa, ya ci gaba da aikin a ɓoye har shekara biyu. Sai ranar 5 ga Nuwamban 2007 aka sanar da ƙawancen kamfanoni 34 mai suna Open Handset Alliance, cikinsu har da HTC da Samsung da Motorola da Qualcomm da T-Mobile. Kalmar farko a sunan ƙawancen, Open, wato a buɗe, ita ce alƙawarin gaba ɗaya: za a yi babbar manhajar waya a buɗe, wadda kowa zai iya dubawa, ya taɓa, ya gina abinsa a kai ba tare da ya roƙi izinin kowa ba. Mako guda bayan haka aka saki kayan aikin farko, abin da 'yan sana'ar ke taƙaitawa da SDK, aka kuma ajiye dala miliyan 10 a matsayin kyautar gasa.

Me ya sa kamfani zai zuba irin waɗannan kuɗi a kan wayar da ba ta wanzu ba? Saboda sabon dandamali yana da wata matsala da ba ta warwaruwa da kanta. Mai saye ba ya son wayar da ba ta da manhajoji, shi kuma mai haɗa manhaja ba ya son ɓata lokacinsa a kan wayar da ba ta da masu saye. Dole wani ya fara shiga ruwan. Wanda ake roƙo ya fara shiga kuwa, kusan kullum, shi ne mai haɗa manhaja. Ana ce masa ya ba da watanninsa yanzu, riba tana gaba idan abin ya karɓu. Cinikin biri a sama ke nan, kuma ya san haka lokacin da ya amince. Abin da yake riƙewa a madadin jingina shi ne maganar kamfanin. Ba shi da kwantiragi, ba shi da albashi, ba shi da ma wayar da zai gwada aikinsa a kai. Idan maganar ta yanke, hannunsa babu komai.

A zauna a ga yadda aikin yake a wancan lokaci. Mutum yana gaban kwamfutarsa, ya kunna wayar kwaikwayo, wato hoton waya da ke aiki a cikin allon kwamfuta, ya jira ta gama tashi. A zubin farko tana da maɓallan rubutu a ƙasan allo kamar BlackBerry. Idan manhajarsa tana amfani da kyamara, abin da zai gani ba hoto ba ne, wani ɗan murabba'i ne yana yawo a kan zanen fari da baƙi kamar allon dara. Idan tana buƙatar sanin inda mai waya yake, sai ya ƙirƙiro wurin da hannunsa ya cusa mata. Ya rubuta layi talatin, ya danna, manhajar ta faɗi. Yanzu tambayar da za ta cinye masa dare ita ce: laifina ne, ko laifin kayan aikin ne? A tsarin da yake a buɗe da gaske, amsar tana kusa. Sai ya buɗe asalin rubutun babbar manhajar, ya bi sawun kuskuren har inda ya ɓuya. Amma asalin rubutun Android bai fito ba tukuna, an dai ce zai fito. Bayanan da aka rubuta domin jagora ba su cika ba, wasu wuraren ma ba su dace da abin da kayan ke yi ba. A watannin farko ko rajistar kurakurai ta bainar jama'a babu, inda mutum zai duba ya ga ko wani ya riga shi cin karo da wannan matsala. Sai a Janairun 2008 aka buɗe ta, bayan an sha ƙorafi.

Duk wannan mutane sun jure shi, kuma a ganina sun yi adalci da suka jure. An gaya musu tun farko cewa leƙe ne aka ba su, ba kammalallen abu ba. A watan Fabrairu aka saki sabon zubi mai lakabin m5, wanda ya sauya fuskar wayar ya kuma sauya abubuwa da dama a ciki, har sai da mutane suka koma suka gyara abin da suka riga suka rubuta. An yi gunaguni, amma an yi gyaran, domin sauyi alama ce ta cewa ana aiki. A farkon Maris aka ƙara ɗan gyara kaɗan. Ranar 14 ga Afrilu aka rufe karɓar manhajojin gasa, guda 1,788 suka shiga. A watan Mayu aka fitar da hamsin, kowanne aka ba shi dala 25,000 da damar zuwa zagaye na biyu.

Daga nan sai shiru.

Shirun da ya fi rufin ƙofa tsada

Nan ne zuciyar maganar take, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai. Wanda ba ya wannan sana'a zai iya cewa, to mene ne a ciki, ai sai a jira. Amma jira a wurin mai haɗa manhaja ba zama ba ne. Kowace safiya akwai shawarar da zai yanke, kuma kowace shawara tana rataye ne a kan abin da kamfanin ya sani shi bai sani ba.

Ɗauki misalin wanda ya ci karo da kuskure a sashen taswira. Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya kashe mako biyu yana gina wata dabara da za ta kewaye kuskuren, ko ya bar wurin haka da fatan za a gyara a zubi na gaba. Idan ya kewaye, alhali an riga an gyara a cikin gida wata biyu da suka wuce, makonninsa biyu sun tafi a banza, kuma mai yiwuwa dabarar tasa ce za ta zama sabon kuskure ranar da gyaran ya iso. Idan ya jira, alhali babu wanda ma ya san da matsalar, zai wayi gari wayar ta fito manhajarsa tana ɗingishi. Gaba kura, baya sayaki. Layi ɗaya daga kamfanin zai raba masa gardama: wannan mun gyara, wancan ba za mu taɓa ba sai baɗi.

Akwai kuma abin da ya fi kuskure girma. Manhaja tana magana da waya ne ta wasu ƙofofi da babbar manhaja ta tanada: ƙofar kyamara, ƙofar saƙo, ƙofar Bluetooth, da sauransu. Kowace ƙofa tana da suna da ƙa'idar shiga. A dandamalin da bai gama zama ba, ana sauya sunayen, ana toshe wata ƙofa, ana huda wata. Wani ɓangare da ake kira IntentReceiver a zubin Maris, alal misali, ya koma BroadcastReceiver a zubin da ya biyo baya. Sauya suna ƙaramin abu ne, aikin yini guda. Toshe ƙofa kuwa yana iya rushe manhaja ɗungurungum, idan a kan wannan ƙofa aka ɗora ta. Wanda ya san cewa za a toshe a watan Mayu, zai karkata akalarsa tun da wuri. Wanda bai sani ba zai ci gaba da ɗora bulo a kan filin da aka riga aka yanke shawarar hanya za ta bi ta kai.

Kuma nauyin shirun ba ɗaya yake a kan kowa ba. Babban kamfani da ke cikin ƙawancen yana da wanda zai ɗaga waya ya kira. Ɗalibi ko mutum biyu da suka ajiye aikinsu suka haɗa ƙarfi a kan wata manhaja ba su da kowa sai sanarwar da aka yi wa duniya. Su ne kuwa aka fi jan hankalinsu da kalmar buɗewa tun farko. Da abin ya ishe su, wasu suka haɗa takardar koke suka sa hannu. Abin da suka nema bai taka kara ya karya ba: a ba su sabon zubi, idan kuma ba zai samu ba, a gaya musu dalili da lokaci. Amsar da ta zo godiya ce da yabon ƙwazonsu, babu rana, babu dalili.

A cikin wannan yanayi saƙon nan ya ɓata hanya. Sai ta bayyana cewa hamsin ɗin nan suna samun sababbin zubi a kai a kai, bayan an sa su sun rattaba hannu a kan yarjejeniyar rufe baki. Wato ba ma kawai an ba wasu an hana wasu ba ne. Waɗanda aka ba an ɗaure musu harshe, ba za su iya ce wa abokin sana'arsu kada ka wahalar da kanka, an gyara wannan ba. Mutanen da jiya suke taimakon juna a kan matsala ɗaya, yau an raba su gida biyu, 'yan mowa da 'yan bora. Kuma ranar da kasuwar manhajojin ta buɗe, 'yan mowan za su shigo da kayan da aka gwada a kan zubi na gaskiya, sauran kuma su fara gyara daga tushe.

Lokacin ma bai taimaka ba. Kwanaki kaɗan kafin nan, ranar 10 ga Yuli, Apple ya buɗe App Store, kasuwar manhajojin iPhone, da manhajoji kusan 500, ya kuma sanar da cewa an sauke manhaja sau miliyan 10 a kwana ukun farko. Can ga waya a hannun mutane, ga kasuwa, ga kuɗi suna shiga, kashi 70 na mai manhaja, 30 na kamfani. Nan kuma ga wayar kwaikwayo da zubin Maris. Ba abin mamaki ba ne da wasu suka fara cewa za su tattara su koma can.

Buɗewa iri-iri ce

Rikicin ya samo asali ne daga kalma ɗaya da ɓangarorin biyu suke furtawa, kowa da abin da yake nufi. Idan Google ya ce Android a buɗe take, maganar lasisi yake yi. Kuma a wannan bai yi ƙarya ba. Ranar 21 ga Oktoban 2008 an saki asalin rubutun, yawancinsa a ƙarƙashin lasisin Apache, wanda ya ba kowa damar ya ɗauka, ya sauya, ya sayar, ba tare da ya biya ko ya nuna wa kowa abin da ya sauya ba. An zaɓi wannan lasisi ne da gangan domin kamfanonin ƙera waya su saki jiki. Ƙashin bayan tsarin, wato Linux, shi ne ke da lasisin GPL mai tilasta wa wanda ya sauya ya rarraba ya bayyana sauyinsa.

Amma mutanen da suka taso a cikin ayyuka irin su Linux, idan suka ji an ce a buɗe, wani abu suke hangowa daban. Suna hango aikin da ake yi a tsakar gida kowa yana gani: gyaran da aka shigar jiya da dare yana nan a fili, gardamar da aka yi kafin a shigar da shi tana nan a rubuce, wanda ke waje yana iya kawo nasa a duba, yana iya cewa wannan ƙofar da kuke shirin toshewa ni a kanta nake. Yawancin Android ba a taɓa gina shi haka ba. Ana yin aikin ne a ɗaki a rufe, idan an gama sai a miƙo shi ta kan katanga. Kana iya karanta abin da aka yi, amma ba ka da ido a kan abin da ake yi, balle baki a kan abin da za a yi. Ga mai son ya ƙera waya, na farkon ya wadatar. Ga mai son ya tsara aikinsa na wata shida masu zuwa, na biyun da na ukun su ne abincinsa.

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara fito da wannan tazara. A Satumban 2009 lauyoyin Google suka aika wa Steve Kondik, mai haɗa wani sanannen zubin Android da ake kira CyanogenMod, takardar ya dakata, saboda yana haɗawa da Gmail da taswira da kasuwar manhajoji a ciki. A ranar mutane da yawa suka fara sanin cewa waɗannan ba sa cikin abin da aka buɗe, mallakin Google ne, kuma wayar da ba ta da su kamar gida ne ba ƙofa ba taga. A farkon 2010 masu kula da Linux suka cire wasu sassan Android daga cikin rubutunsu, saboda an ajiye su ba mai bibiya, sai a 2012 aka fara mayar da su. A Oktoban 2010, da Steve Jobs, shugaban Apple a lokacin, ya soki iƙirarin buɗewar Android a bainar jama'a, Andy Rubin ya mayar da martani da layin umarnin da mutum zai rubuta ya sauke Android ya haɗa ta a kwamfutarsa, ya ce ma'anar buɗewa ke nan. Bayan wata biyar kacal, a Maris ɗin 2011, Google ya riƙe asalin rubutun zubin Honeycomb na manyan alluna, ya ce bai shirya ba, yana gudun kada a ɗora shi a kan ƙananan wayoyi ya ba da kunya. Sai a Nuwamba aka sake shi tare da zubin da ya gaje shi. Ko ma'anar da Rubin ya zaɓa da kansa, ashe tana da ranar hutu idan kamfani ya ga dama.

Ba zan ce Google ba shi da hujja a 2008 ba, domin yana da ita, kuma ba ƙarama ba. Wayar farko aikin kamfani uku ne: HTC ke ƙera ta, T-Mobile ke da layi da ranar fitarwa, Google ke da manhaja. Sabon zubin kayan aiki yana tona asirin waya, domin wanda ya iya karatu zai gano girman allo da irin maɓallai da abin da za ta iya yi, kuma abokan hulɗa ba sa son a riga su sanarwa. Ga iPhone ta riga ta sauya abin da mutane ke tsammani daga waya, ana gudu ne ba tafiya ba. Sannan duk zubin da aka saki ga dubban mutane sai an rubuta masa bayani, sai an amsa tambayoyi a kansa, kuma duk ƙofar da mutane suka fara amfani da ita tana zama alƙawarin da zai yi wuyar warwarewa. Injiniyan da ke da wata uku ya kammala waya yana da dalilin da zai ce a bar ni da mutum hamsin tukuna.

Sai dai duk waɗannan hujjoji na riƙe kaya ne, babu ɗaya a cikinsu da ta zama hujjar riƙe magana. Babu sirrin HTC da zai fasu idan aka fito a watan Mayu aka ce: ba za mu saki sabon zubi ba sai kusan ƙarshen bazara, 'yan zagaye na biyu za su riƙa gwada mana na cikin gida kafin nan, ga kuma sassa uku da muke ba ku shawara kada ku dogara da su. Da an faɗi haka, da an yi fushi na kwana biyu an wuce. Abin da ya mayar da rashin jin daɗi ya zama jin an ci amana shi ne yadda mutane suka ji labarin: ba daga bakin kamfanin ba, daga kuskuren ma'aikacinsa.

Kada kuma a ɗauka cewa can wurin Apple aljanna ce. Apple bai taɓa cewa a buɗe yake ba, ka biya dala 99 a shekara ka bi dokarsa, kuma wannan fitowa fili ta rage masa zargin yaudara. Amma shi ma ya ɗaure masu haɗa manhajarsa da yarjejeniyar rufe baki, har bayan App Store ya buɗe. Mutum ba shi da ikon tattauna matsalar aikinsa da wani a fili, masu rubuta littattafan koyarwa suka dakatar da bugawa. A Satumban 2008 aka ƙi karɓar wata manhaja mai suna Podcaster da hujjar tana maimaita aikin iTunes, manhajar Apple ɗin kansa, dokar da ba wanda ya san da ita sai da mutum ya gama aikinsa. Da surutu ya yi yawa, ranar 1 ga Oktoba Apple ya janye yarjejeniyar a kan manhajojin da aka riga aka saki, amma ƙa'idojin tantancewa ba a wallafa su ba sai a Satumban 2010. Ciwon iri ɗaya ne: mutum ya zuba wahalarsa, hukuncin yana hannun wanda ba ya magana.

Nokia kuwa ta nuna ɗaya fuskar. Ta yi ta kiran masu haɗa manhaja zuwa babbar manhajarta Maemo, sannan MeeGo da ta haɗa da kamfanin Intel a Fabrairun 2010, tana ce musu su koyi kayan aikin Qt domin nan gaba take. Ranar 11 ga Fabrairun 2011 shugabanta Stephen Elop ya sanar da komawa Windows Phone ta Microsoft. Rubutun yana buɗe, amma shawarar da ta fi kowace muhimmanci an yanke ta inda ba mai gani.

Ranar da aka yi bayani

Abin da ya fi tabbatar mini cewa maganar ce ta yi ƙaranci, ba kayan ba, shi ne abin da ya faru wata guda bayan saƙon. Ranar 18 ga Agustan 2008 aka saki zubi na 0.9 ga kowa, tare da jadawalin abin da ke tafe. A cikinsa akwai labari marar daɗi guda biyu. An cire ƙofar da manhajoji za su bi su yi amfani da Bluetooth, an kuma cire GTalkService, hanyar da manhaja a waya ɗaya ke aika saƙo ga 'yar'uwarta a wata waya. Akwai waɗanda suka gina wasanni da manhajojin zumunta kacokan a kan wannan ta biyun.

Amma wannan karon an fito an yi bayani dalla-dalla. Game da Bluetooth aka ce lokaci ne ya ƙure, ƙofar ba ta gama daidaita ba, kuma idan aka sake ta haka za a ɗaure kai da ita shekaru. Na'urar saƙalawa a kunne za ta yi aiki, manhajoji ne dai za su jira. Game da GTalkService aka ce masu binciken tsaro sun nuna haɗari: wanda kuka haɗu a wasa kawai zai iya sanin adireshin imel ɗinka na gaskiya, kuma saƙo daga wata waya zai iya sa taka ta aikata abin da ba ka umarce ta ba. Wannan hasara ce ta zahiri, ta fi jiran zubi ciwo. Duk da haka ba ta tayar da ƙura irin ta Yuli ba, domin an ɗauki mutane a matsayin abokan aiki masu hankali, an ba su dalilin da za su iya aunawa, su yarda ko su ƙi. Wanda abin ya shafa ya san inda ya tsaya a ranar, ya cire sashen, ya ci gaba. Ƙofar Bluetooth ta dawo a Android 2.0, a ƙarshen 2009.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A ƙarshen Agusta aka sanar da zakarun gasa, goma suka samu dala 275,000 kowanne, wasu goma dala 100,000, cikin na farkon har da manhajojin Locale da Life360. Ranar 23 ga Satumba aka nuna T-Mobile G1 a birnin New York tare da zubi na 1.0, ranar 22 ga Oktoba ta shiga kasuwar Amurka a kan dala 179 da kwantiragin shekara biyu. A lokacin rajistar mai haɗa manhaja dala 25 ce sau ɗaya, ba kuma layin tantancewa irin na Apple. A nan kam ƙofar ta buɗu da gaske, kuma ya kamata a faɗa. Sai dai manhajojin sayarwa ba su samu shiga ba sai a Fabrairun 2009, wato waɗanda suka jira shekara guda sun ƙara wata huɗu kafin su ga ko sisi daga kasuwar.

Akwai wata gaskiya da ba na jin daɗinta, amma ɓoye ta rashin adalci ne. Fushin 2008 bai hana Android komai ba. Da Motorola Droid ta fito a Nuwamban 2009, wayoyin suka fara sayuwa da miliyoyi, masu haɗa manhaja suka dawo, har da waɗanda suka yi rantsuwar sun tafi, domin inda masu saye suke nan aiki yake. Kamfani zai iya duba wannan ya ce ashe shirun bai ci mana komai ba. Amma wanda ya biya kuɗin shirun ba kamfanin ba ne. Masu manhajojin nan ne 1,738 da ba su shiga hamsin ba, da wasu da ba su ma shiga gasar ba, waɗanda suka ba da lokacinsu a sa'ilin da dandamalin ba shi da abin nunawa sai su. Su ne hujjar da aka kai wa kamfanonin waya cewa akwai jama'a a bayan wannan abu. Ba a lissafa makonnin da suka ƙone suna kewaye kurakuran da aka riga aka gyara, ba kuma a san manhajoji nawa aka yi watsi da su a tsakanin Maris da Agusta ba tare da kowa ya ji sunansu ba.

Tsarin miƙo kaya ta kan katanga kuma bai sauya ba, sai ma ƙara kafuwa da ya yi. Shekara da shekaru akwai ɗan abin da ya rage ana gina shi a fili, inda na waje zai iya ganin gyara yana shiga tun kafin a sanar, ya shirya, wani lokaci ma ya nuna kuskure kafin ya kai wayoyin mutane. A Maris ɗin 2025 Google ya tabbatar da cewa zai mayar da dukan aikin gina Android cikin gida, ya riƙa sakin asalin rubutun bayan an kammala kowane zubi, da hujjar cewa haɗa reshe biyu na aiki yana jawo wahala da ɓata lokaci. Cikin 'yan sassan da har zuwa lokacin ake gina su a idon jama'a akwai na Bluetooth.